Daga Abaji Zuwa Madubin Likita: Yadda Ake Gano Ciwon Daji A Jikin Tsoka

Komai ƙwarewar likita, ba zai taɓa ƙullutu a nonon mace ko a wuyan yaro ya rantse cewa daji ne ba. Zai yi zato, hoto ya ƙara masa zato, amma hukunci sai an ciro tsoka an duba ta a madubi. Mutumin Abaji da aka yi wa wannan aiki, sau da yawa ɗan'uwansa ake miƙa wa kwalba da takarda, a ce ya kai Gwagwalada, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja, ko ya zarce Babban Asibitin Ƙasa a cikin birni. Ya hau mota a titin Lokoja, ya wuce Kwali, ya miƙa ta taga, a ce ya dawo bayan mako biyu ko uku. Abin da ke samun kwalbar a bayan tagar shi ne sana'armu, sana'ar da mai ita ba ya ganin fuskar wanda yake wa aiki.

Tun a ɗakin tiyata aikin ke farawa. Tsoka na rabuwa da jini sai ƙwayoyin halittarta su shiga narkar da kansu, a zafin Abaji na watan Maris kuwa ba sa jiran kowa. Abin da ke tsayar da su shi ne fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari, dangin ruwan da ake adana gawa da shi. Wani likita Bajamushe, Ferdinand Blum, shi ya gano amfaninsa a 1893: yana gwada shi a matsayin maganin kashe ƙwayoyin cuta, sai ya lura yatsunsa sun sandare. Ƙa'idojin ba su da yawa. Ruwan ya ninka tsokar sau goma. Kwalbar ta zama mai faɗin baki, don abin da ya shiga da laushi da tauri zai fito. In tsokar babba ce a tsattsaga ta, domin fomalin da ƙyar yake ratsa milimita ɗaya a awa guda; in an jefa nono sukutum, bayansa zai kamu, cikinsa ya ruɓe. Tsokar nono kuma ana so ta shiga ruwan kafin awa ɗaya da cirowa, ta zauna tsakanin awa 6 zuwa 72.

Mun ga abubuwa ta tagar nan. An kawo tsoka cikin ruwan ƙarin ruwa, an kawo cikin sifirit, an kawo ɗaure a leda. Wani ma don kyautatawa ya sa tasa a firiza har kuɗin mota ya samu, bai san ƙanƙara farfasa ƙwayoyin halitta take yi ba. Abin da ya lalace a nan, babu gwanin da zai gyara shi a gaba.

Da an karɓi tsoka sai a ba ta lamba, daga nan sunan mai ita ya koma takarda, lambar ce za ta bi ta har ƙarshe. Likitan binciken cututtuka ya fito da ita kan katako, ya auna, ya faɗi kamanninta ana rubutawa, ya shafa wa gefunanta tawada don a gane daga baya ko ciwon ya kai inda wuƙar tiyata ta tsaya. Sai ya zaɓi wuraren da yake zargi, ya yanko ƙanana masu kaurin milimita 3 zuwa 4, a rufe kowanne cikin ɗan akwatin roba mai huji-huji da muke kira kaset. Da fensir ake rubuta lamba a jikinsa. Biro sabon shiga ne ke ɗauka, ya wayi gari sinadari ya wanke rubutun tas.

Tsoka ɗanya ba ta yankuwa siriri, sai an cusa mata kaki ya riƙe ta. Kaki kuwa ba ya shiri da ruwa, tsoka kuma yawancinta ruwa ce. Don haka ake bi da ita ta cikin alkohol daga mai kashi 70 har zuwa tsantsa ya zuƙe ruwan, sai zailin ya kori alkohol ɗin, sai narkakken kakin kyandir mai zafin digiri 60 ya maye gurbin zailin. Inji ke yin wannan cikin dare, awa goma sha biyu ko fiye. Mai tsaron injin da tunanin wuta yake kwana: in aka ɗauke ta janareta bai tashi ba, kaki ya daskare a tukunya, ko tsoka ta daɗe a zailin ta bushe ƙayau. Shi ya sa tsofaffin hannu ba su yarda yaro ya wuce bai iya bi da kwalabe ɗaya bayan ɗaya da hannu ba.

Da safe a zuba kaki a ƙaramin mazubin ƙarfe, a kwantar da tsokar da hantsaki mai ɗumi, a danna ta ta zauna daidai, a ɗora kaset a kai, a sa kan sanyi ya daskare. Ya zama bulok. Abin lura ɗaya ne, ta wace fuska aka kwantar. Fata da hanji a tsaye ake dasa su, ta gefe, don reza ta ratsa duk hawa-hawansu a yanka guda.

To, sai yanka. Nan ake sanin waye waye.

Maikurotom inji ne mai nauyi, da mariƙi a dama da ake juyawa. Kowane juyi, bulok ya sauko ta bakin reza, ya koma sama, ya matso gaba gwargwadon kaurin da aka saita. Kaurin nan maikuron 3 zuwa 5 ne, maikuron kuwa shi ne milimita ɗaya a raba ta gida dubu. Jar ƙwayar jini guda faɗinta maikuron 7 zuwa 8 ne, ka ga kaurin yankanmu bai kai faɗin ƙwayar jini ɗaya ba. Dole ya zama haka, don haske ya ratsa, kuma kada ƙwayoyin halitta su hau kan juna su ɓoye wa likita gaskiya. Mai kilishi ya san irin wannan fama: in ya saki hannu nama ya yi kauri, in ya matsa ya huje. Bambancinmu da shi, shi da ido yake ganin kaurin nasa, mu da kunne da yatsa muke jin namu.

Da fari ana fere bulok, a saita injin a maikuron 15 ko 20 a kwashe kakin sama har fuskar tsokar ta bayyana gaba ɗaya. In babbar tsoka ce babu fargaba. In kuwa wadda aka ciro da allura ce, kaurinta duka bai wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba, juyi kaɗan na ganganci ya isa ya ƙarar da ita cikin shara. Ma'anar haka a koma Abaji a ce wa baiwar Allah ta sake zuwa a sake soka mata allura, ta sake biya, ta sake jira. Don haka mai hankali kan tsaya bayan kowane juyi biyu ya karkata bulok ga haske ya duba.

An fere, sai a kifa bulok kan ƙanƙara ya yi minti goma ko fiye, kaki ya yi ƙarfi, tsokar ta ɗan sha danshi. A matsar da reza zuwa inda ba a taɓa ba, a ɗaure kowane kusa tamau, a mayar da saiti maikuron 4. Sai juyi: ba sauri, ba tsayawa, ba fizga. Yanka biyu ukun farko ana zubar da su, kaurinsu ba abin yarda ba ne. In komai ya daidaita, kowane yanka zai manne da gefen wanda ya gabace shi, su sauko a jere, doguwar tsiri guda mai sheƙi. Hannun hagu ya tallafe ta da hantsaki ko ɗan burushi, dama na ci gaba da juyi. Sautin yanka mai kyau siririn "shuu" ne mara yankewa. Dattijon da ya koya mana yakan tsaya a bayanka ya juya wa injin baya, ya ce, "Yaro, daina kallon hannunka, saurari rezar." Daga ƙofa yake gane an yi kauri.

Yanayi ma da nasa hukuncin. Da bazara kaki na laushi kafin ka yi juyi goma, yanka ya takure ya yi tamoji, sai ka yi ta kai-komo tsakanin inji da ƙanƙara. Da hunturu iska ta bushe, tsirin ya riƙa tsalle yana manne wa yatsa da jikin ƙarfe. Maganinsa ka matso da baki ka huci bulok a hankali, danshin numfashi ya kwantar da shi. A kowane lokaci kuma fanka a kashe take, taga a rufe, don iska kaɗan ta isa ta ɗauke aikin minti ashirin ta liƙa a bango. Gumi na zuba, haka za ka haƙura.

Kowane aibi yana faɗin inda ya fito, in ka iya karatunsa. Layi ya tsaga tsirin daga sama har ƙasa: ko reza ta yi giɓi, ko akwai ɗan tsakuwar alli a cikin tsokar. Matsar da reza. In layin ya ɓace laifinta ne, in yana nan a gurbinsa sai ka jiƙa fuskar bulok a ruwan asid mai rauni ya narkar da allin. Wani yanka kauri wani siriri: akwai kusan da ya saki. Ƙananan layuka a kwance, jere-jere: tsokar ta yi tauri, irin ta ƙarin mahaifa, ko hannunka ya yi gaggawa. Tsakiya ta fito rami gefe na yankuwa: kitse ne bai sha kaki ba, abin da tsokar nono ta saba yi, shinshina za ka ji warin zailin, babu dabara sai a narkar a koma baya. Saifa da duk tsoka mai jini da yawa marmashewa suke yi. Ƙwaƙwalwa kuwa, wadda masu binciken farfaɗiya da cutar mantuwa ke aiki da ita, ita ce mai shagwaɓa: in cikakkiya ce sai ta yi mako biyu ko fiye a fomalin kafin a taɓa ta, in an yanka kuma zafi kaɗan ke tarwatsa ta.

Daga reza sai kwanon ruwan ɗumi, digiri 40 zuwa 45. A shimfiɗa tsirin a kan ruwan da jan hannu guda, a ga tamojin na warwarewa da kansa. Ruwa ya yi sanyi, ninki ya ƙi buɗewa. Ya yi zafi, kaki ya narke tsoka ta watse. A raba yankan da ya fi kyau, a zura gilashi ta ƙarƙashinsa, a ɗago a karkace ya kwanta a kai, a rubuta lamba nan take. Sannan abin da ba a yafewa: kafin a ɗauki wani bulok, a ja takarda a kan ruwan a share shi ƙal. Ɗan ɓurɓushin dajin wani in ya yi iyo ya hau gilashin mai lafiya, ana iya yanke wa mace nono a kan ciwon da ba nata ba. Bulok ɗaya, gilashi ɗaya, lamba ɗaya. Ba a hira a wannan gaɓa.

Yanzu rezar yarwa ake amfani da ita, in ta dakushe a zare a sa wata. A da wuƙa ce ta ƙarfe mai nauyi, kowane ma'aikaci da tasa a akwatin katako, a wasa ta a dutse, a goga a fata, a gwada da silin gashi. Almajiri sai ya daɗe yana wasa wuƙar wasu kafin a bar shi ya taɓa bulok. Ban ce a koma can ba, rezar yau ta fi kaifi. Amma wanda ya wasa wuƙa da hannunsa ya san darajar baki, ba ya kankare kaki da shi. Ɗaliban kimiyyar lab ma ba su cika zaɓen ɓangarenmu ba. Sun fi son gwajin jini, inda sakamako ke fita a yini kuma mutum zai iya buɗe nasa wurin a gari. Mu namu warin fomalin ne mai sa hawaye, ga maƙwabtaka da ɗakin ajiye gawa. Waɗanda suka zauna, za ka same su masu sanyin rai ne, marasa son hayaniya.

Gilashi ya bushe a ɗumi, amma har yanzu ba a ganin komai, tsokar ba ta da launi. Sai rini. A bi hanyar jiya a juye: zailin ya cire kaki, alkohol ya sauko da ita zuwa ruwa. A tsoma a hematoksilin, rinin da ake samu daga wani itace na Meziko da Amurka ta Tsakiya, ya kama cibiyar kowace ƙwayar halitta. A tsoma a alkohol mai asid na daƙiƙa biyu uku a rage abin da ya yi yawa. Nan ma hannu ne, in ka daɗe ka wanke duka. A sa ƙarƙashin famfo har ja ya juye shuɗi. Sai iyosin ya rina sauran jikin ruwan hoda. A sake busarwa, a ɗiga gam, a rufe da siririn gilashi ba tare da kumfa ba. Fiye da shekara ɗari ke nan rinin nan biyu ke riƙe da asibitocin duniya. Masu bincike a Najeriya sun gwada ruwan zoɓo da na karan dafi ko za su maye gurbin na waje, sun kuma kama tsoka, sai dai ba su kori na asali daga benci ba.

Daga nan tire ya tafi ofishin likita. Yakan fara da ƙaramin ido ya ga tsarin gaba ɗaya, sannan ya matso: cibiyoyi sun yi girma, sun yi baƙi, ba su kama da juna? Ƙwayoyi nawa aka kama suna tsakiyar rabuwa? Sun fasa iyakarsu sun kutsa maƙwabta? Sun taɓa tawadar gefe? Akwai gilashin da ko mu na benci mun san shi tun daga nesa: shuɗi cunkus, da fararen ɗigo warwatse, abin da likitoci ke kira sama mai taurari. Dajin Burkitt ke nan, mai kumbura muƙamuƙin yara. Denis Burkitt, likitan tiyata a asibitin Mulago na Kampala, shi ya bayyana shi a 1958, ya kuma bi sawunsa ya ga yana bin ƙasashe masu zafi da ruwan sama, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi kaka-gida, irin ƙasarmu ta bakin Gurara. A 1964 Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano ƙwayar bairos a cikin ƙwayoyinsa a Landan, ta farko da aka danganta da daji a jikin ɗan'adam. Najeriya na da hannu dumu-dumu a labarin. A Ibadan, a 1963, R.J.V. Pulvertaft ya raya ƙwayoyin ciwon wani yaro ɗan shekara 11 a kwalba. Su ne ake kira Raji, kuma har gobe ana gwada sababbin magungunan garkuwar jiki a kansu a Amurka da Turai da Sin. A Ibadan ɗin dai Victor Anomah Ngu ya yi aikin warkar da ciwon da magani, har ya samu kyautar Lasker a 1972. Ciwon kan ninka kansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, amma yana jin magani. Saboda haka in takarda ta zo da yaro mai kumburin muƙamuƙi, ba ya bin layi.

Sankarar mama ba ta ƙarewa a rini biyu. Ana komawa bulok a sake yanka, a ɗiga sinadaran garkuwa da aka samar daga ɓera ko zomo, kowanne da furotin guda da yake nema ya manne. Inda ya samu, wurin ya rine ruwan ƙasa. Uku ake tambaya: ER da PR da HER2. In ER ya fito, ciwon da sinadarin mata yake ci, ƙwayar tamoxifen mai sauƙin kuɗi za ta yi masa aiki shekara biyar ko fiye. In HER2 ne, sai trastuzumab, mai tsadar gaske. A nan sakacin awar farko ke fitowa fili. Tsokar da ta jima ba ta shiga fomalin ba, ER ɗinta dushewa yake yi, gwaji ya ce babu alhali akwai, a hana mace maganin da zai ja mata kwana. Abin ya taɓa har binciken masana. Wani nazari da Clement Adebamowo da abokansa suka fitar daga Ibadan a 2008 ya samu ER a kusan biyu cikin uku na matan da aka duba. Wani na 2009, na ƙungiyar Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago, kan tsokoki daga Najeriya da Senegal, ya samu kusan ɗaya cikin huɗu. Cikin dalilan da masana ke kawowa na irin wannan tazara har da yadda aka adana tsokar tun farko. Wato ma'aikaciyar jinyar da ta zuba ruwa a kwalba a Abaji tana cikin masu rubuta abin da duniya za ta sani game da dajin matan Afirka.

Ba a zubar da bulok. Ana jera su a durowa bisa lamba, kuma in zafi da ɓera da gara sun ƙyale su, sukan yi shekaru da dama ana iya sake yanka, har a ciro sinadarin gado a yi nazari. Sakamakon kuma yana shiga rajistar ciwon daji, wadda Ibadan ta fara a 1960, Abuja ma tana da tata. Da irin waɗannan rajistoci aka yi ƙiyasin 2022 cewa kimanin mutum dubu 127 suka kamu da daji a Najeriya a shekarar, kusan dubu 80 suka rasu. Wanda bai kai tsokarsa ba, da wuya ya shiga rajistar.

Na san abin da ke hana mutane. Ana cewa daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura sai ya bazu. Abin da ke faruwa shi ne, yawanci ba a zuwa sai ciwo ya riga ya ci jiki, a ɗauki tsoka, mutum ya rasu bayan wata biyu, a ɗora wa allura. Kuma ba duk abin da muke yankawa ne daji ba. Ƙullutun nonon 'yan mata galibi ƙari ne mara illa. Kaluluwar wuya sau da yawa tarin fuka ce, maganinta na wata shida kyauta ne a asibitin gwamnati. Wannan albishir ɗin ma ta bakin reza yake fitowa.

Don haka in an miƙa maka kwalba, tambayi mai ba ka ko fomalin ne a ciki kuma ya rufe tsokar, duba suna da kwanan wata a jiki, kada ta kwana a firiza, kada ka jira ranar kasuwa. In ka karɓi sakamako, adana lambar lab ɗin ko da takardar ta tsufa. Da ita za a nemo bulok ɗinka in likita ya buƙaci ƙarin gwaji, da ita kuma za ka nemi a ba ka aronsa ka kai asibitin Shika ko Asibitin Malam Aminu Kano wani idon ya sake dubawa.